Tafiyarmu Matamaye Kan Maganar Kurmin Kaka

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tare ni, in na je barka a ja ni gefe, har masu zuwa sayen daddawa sai su tsuguna a bakin ƙofa su ce, "Saude, wai yaya Nijar ɗin take? Da gaske ne an gurfanar da Garba gaban mai gari?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya, daga fita har dawowa.

Amma sai na fara da abin da ya fitar da mu, don ba yawon buɗe ido muka je ba.

A bayan ƙauyenmu, yamma da Ɗambatta, kakanmu ya bar wani kurmi. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san gona jingine take da gona, babu taku ɗaya da ba shi da mai shi, don haka kurmin nan shi kaɗai ya rage a tsaye kamar tsohon da sa'o'insa suka ƙare. Akwai ɗorawa a ciki, da kanya, da tsamiya, da ɗinya, da kukoki. Daga ɗorawar nan nake samun kalwar da nake daddawa, da ita na aurar da 'ya'yana mata. Ba a taɓa raba gadon kurmin ba. Kaka 'ya'ya biyu ya bari, Babanmu da ƙanwarsa Gwaggo Hassi, wadda aka kai aure wani ƙauye a ƙasar Matamaye tun kafin a haife ni. Da Baba ya rasu, sai maganar kurmi ta koma hannun mu uku: ni, da wana Yaya Garba, da Gwaggo.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Taki ya fi ƙarfin talaka, mai ya yi tsada, kwanon hatsi ya zama abin da ake kallo daga nesa. Mutanen birni suka koma girki da gawayi, motocin masu gawayi suka fara zarya a ƙauyuka. Ga kuma sabon titi da ya ratsa ta gefen kurmin, dillalan filaye suka biyo shi kamar ƙudaje. Wani daga cikinsu ya yi wa Yaya Garba tayi: a sare itatuwan a ƙona, a yanka wurin filoti-filoti.

Ana cikin haka wani malamin daji ya zo ƙofar gidan dagaci da labarin wata doka da ake dubawa a majalisar jiha. Ya ce in ta tabbata, mai kurmi zai iya ƙulla yarjejeniya da gwamnati. Ƙasa tana nan tasa, ya ci 'ya'yan itace, ya yi kiwo, ya bar wa magada. Abin da zai sallama shi ne ikon share wurin ko yin gini a kai, a ba shi diyya, kuma sharaɗin ya bi ƙasar ko hannun wa ta koma. Ni maganar ta kwanta mini. Yaya Garba kuwa tsaki ya ja.

"Gwamnati in ta sa ƙafa ɗaya a gonarka," in ji shi, "to ɗayar tana hanya."

Muka yi ta ja, har dagaci ya ce ko sayarwa ko yarjejeniya, babu wadda za ta yiwu sai da bakin Gwaggo. Muka kira ta a wayar ɗanta, ta ce maganar ƙasa ba a yin ta da mutumin da ba ka ganin idonsa. Shi ke nan tafiya ta kama mu. Yaya zai je ya shawo kanta a sayar, ni zan je in shawo kanta kada a sayar, kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ƙulla. Maigidana da zai sallame ni dariya ya yi ya ce, "Ku tafi a mota ɗaya, Allah ya dawo da ku da baki ɗaya."

Da bazara muka tashi, ana tsakiyar zafi. Babur ya kai mu tashar Ɗambatta, muka sami motar Daura tana jiran cika. Da tsadar kuɗin mota, fasinja ya zama kamar ruwan sama, sai an yi ta duban hanya. Tsarabar da na riƙe wa Gwaggo bokiti ne guda cike da daddawa sabon ɗauka, na rufe da leda na ɗaure da tsumma. Na ƙi yarda a sa shi a but, na rungume abina a cinya.

Kusa da ni wata mata ce mai fara'a, Hajiya Falmata. Iyayenta daga Barno suka zo, amma ita a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Turaren wuta da humra take kaiwa Nijar. Ba mu yi nisa ba rana ta bugi bokitina, daddawa ta fara gaishe da jama'a. Direba ya leƙo ta madubi.

"Don Allah wa ya shigo mana da mushe?"

Na ce, "Mushen da ka sha a miya jiya ba."

Mota ta kwashe da dariya. Hajiya Falmata ta ce bari ta kawo ɗauki, ta zaro kwalbar humra ta shafa a kujeru, ta shafa wa direba a kafaɗa. Wallahi gara da ba ta yi ba. Humra da daddawa suka haɗu suka haifi wani abu da ba shi da suna. Wani dattijo a baya ya fara salati. Yaya Garba, da ke bakin taga, ya zura kansa waje don ya sha iska, muna wuce Kazaure iska ta fizge masa hula. Hular sallarsa ce, ita ya sa don Gwaggo ta gan shi da kwarjini. Kafin direba ya taka birki wata babbar mota ta bi ta kanta. Haka magidanci mai furfura ya shiga Daura kai ba hula, yana ta dafe ƙeya kamar wanda aka yi wa aski bai biya ba. A tasha ya taya hula ya ji kuɗinta, ya ajiye a hankali, ya sayi malafa irin ta masu kiwo. Da ita ya yi sauran tafiyar.

A Daura muka ci ɗanwake muka yi azahar, muka canza mota zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Ni da ban taɓa fita ƙasa ba, na ɗauka zan ga katanga ko wani babban kogi. Ashe ƙarfe ne aka gitta a titi, da rumfuna, da masu canjin kuɗi a kan benci. Karan geron wancan gefe da na wannan gefe duk iri ɗaya. Akuya ma na ga ta tsallaka ba wanda ya tambaye ta kati. Mu kuwa aka sauke mu, muka nuna katin ɗan ƙasa a gefenmu, muka taka zuwa Maimujiya muka sake nunawa.

A can wani jandarma dogo, fuska ba wasa, ya nuna bokitina ya ce in buɗe. Na kwance tsumma, na ɗaga leda. Ya sunkuya ya shaƙa, sai na ga fuskar nan ta saki.

"Ta ɗorawa ce, ko ta waken suya?"

"Ta ɗorawa ce zalla, ranka ya daɗe."

Ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji abin da ake kira daddawa. Ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar kakarsa, don a garinsu ɗorawa ta ƙare, sai labari. Na ɗebo masa, ya ce shi ba ya karɓar kyauta a bakin aiki, sai dai in sayar masa. Muka yi ciniki a bakin iyakar ƙasa kamar a kasuwar Ɗambatta. Na juya na kalli Yaya Garba don in ga ko ya ji maganar ɗorawar da ta ƙare. Ya ja malafarsa ya rufe ido.

Rana ta yi sanyi muka isa Matamaye, aka ce babu abin hawa zuwa ƙauyen Gwaggo sai da safe. Muna tsaye muna shawara Hajiya Falmata ta ce, "Tunda Allah ya haɗa mu shan wari ɗaya, ai mun zama 'yan'uwa. Ku biyo ni." Ta kai mu gidan wata mai sayen turarenta. Matar ko sunanmu ba ta tambaya ba ta shimfiɗa tabarma, aka kai Yaya zaure wurin maigidan.

Nan na fara ganin bambanci. Hausa ɗaya muke yi, amma sai na kasa kunne. In za su ce i sai su ce awo, makaranta lakwal, lafiya kuma lahiya. Abin da ya fi ba ni dariya, matar tana gabatar da mu ga maƙwabta tana cewa baƙi ne daga kudu. Mu da muke ganin daga mu arewa ta ƙare! Aka kawo kwaɗon zogale da ƙuli, da wani burodi dogo kamar muciya, mai tauri a baya, ciki kuwa laushi. Ni na saba da namu da ake matsewa a tafin hannu, na rasa ta inda zan kama shi, sai da yaran gidan suka nuna mini ana karya shi ne. A zaure kuma maigidan ya dafa wa Yaya shayi a 'yar buta kan gawayi, ya zuba masa a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba. Yaya ya raina shi ya kurɓe gaba ɗaya. Daga cikin gida muka jiyo tarinsa. Ashe na farkon ɗaci ne da shi kamar maɗaci, sai a na biyu da na uku zaƙi yake fitowa, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne.

Da safe muka yi sallama da Hajiya Falmata, ta cusa mini ƙullin turare ta ce in riƙa yi wa bokitina. Muka hau amalanken shanu na masu komawa daga kasuwa, don rairayin hanyar ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Abin da na lura da shi a hanya ɗaya ne: ƙasarsu ta fi tamu fari da rairayi, amma kowace gona da gawo a tsaye, manya da ƙanana, kore shar a tsakiyar rani, awaki a ƙarƙashi suna tsintar 'ya'yan.

Gwaggo Hassi 'yar tsohuwa ce ƙarama, ta rankwafa, amma muryarta tana kaiwa bayan gari. Ta fito da sanda ta tsaya tana duban mu. Ta kama fuskata ta fashe da kuka, ta ce hancin yayanta ne sak. Ta juya ga Yaya, hawaye bai bushe ba ta fashe da dariya.

"Garbati! Kiwo ka koma?"

Mutumin da yake da jikoki, aka kira shi Garbati a gaban jama'a, ya durƙusa yana murmushi kamar yaro. Kafin ta tambayi mutanen gida sai da ta tambayi itatuwa. Kanyar bakin kwari tana nan? Tsamiyar da Babanku ya faɗo daga kanta ya karya hannu fa? Kukar nan mai rami da muke ɓuya a ciki? Na ce duk suna nan. Yaya ya gyara murya zai shigo da maganar da ta kawo mu, ta ɗaga hannu.

"Baƙo ba ya kwance kaya da magana a baki. Ku ci, ku huta. Ni zan kira ku."

Muka ci kuwa. Furarsu nono ya fi gero yawa a ciki, ba irin tamu ta shekarun nan da ake nuna wa nono ita daga nesa ba. Aka ba mu cukwi, busasshen nono mai faɗi kamar takarda, Yaya ya yi ta juya shi yana neman inda aka rubuta. Da dare aka yi tuwon gero da miyar kuka da daddawata, Gwaggo ta sa aka kai wa maƙwabta kwano-kwano, wai su ɗanɗana ƙasarsu Hassi.

Yanzu ga maganar gurfanarwar da kuke ta tambaya. Gaskiya ce, an yi.

Washegari da hantsi Yaya ya fita zaga gari. Ya shiga wani fili mai yawan itatuwa a gabas da gari, wanda aka ce masa na gidan su Isuhu ne, babban ɗan Gwaggo. Ya ga wani ɗan gawo ya miƙe sambal, ya ce wannan ya yi sandar tafiya. Ya zaro wuƙa ya sare shi daga tushe. Yana cikin feƙewa sai ya ji an riƙe masa riga ta baya. Wata tsohuwa ce, Inna Gambo, da ƙwaryar tsintar 'ya'yan gawo a kai. Ashe tana cikin waɗanda gari ya ɗora wa tsaron itatuwa. Ta ce ya wuce gaba. Ya ce shi baƙo ne. Ta ce ai itacen bai san baƙo ba. Haka ta taso shi har ƙofar mai gari, ga malafa, ga sanda a hannu, shaida ba ta ɓuya.

Aka aiko aka kira mu. Na tarar da Isuhu ya riga ni, yana ta danne dariya har kafaɗunsa na rawa. Yaya yana ta bayani.

"Ranka ya daɗe, ai filin ƙanena ne. Ɗan gwaggona ne, ga shi nan a tambaye shi."

Mai gari ya ce, "Awo, filinsa ne, ba mai ja. Amma shi kansa Isuhun in ya sare wannan daga tushe, nan Gambo za ta kawo shi."

Yaya ya juya ya dubi Isuhu. "Filinka, da gatarinka, a hana ka?"

"Sai mun fita in gaya maka, Yaya," in ji Isuhu.

Saboda baƙunta aka yi masa sassauci. Hukuncinsa ya ɗebo ruwa daga rijiya ya shayar da dashen da ke bakin makaranta. Ya naɗe babbar riga ya ɗauki jarka, matan gari suna yi masa sannu da aiki, Inna Gambo tana biye tana nuna masa wanda ya tsallake. Da farko fuskarsa a murtuke take, amma kafin ya gama shi da ita sun fara tsokanar juna, har ya ce in ya ƙara aure ita zai nema don gonarsa ta sami mai gadi. Ta ce ba ta auren ɓarawon sanda.

Da la'asar Isuhu ya zaga da mu filin. Ya ce a wata shekarar yunwa, mahaifinsa da wasu magidanta sun ƙulla yarjejeniya da hukumar garinsu. Kowa filinsa nasa ne, yana nomawa a ƙarƙashin itatuwa, yana sassabe rassa ya yi girki ko ya sayar, 'ya'yan itace da ganye nasa. Amma ba a tumɓuke itace mai rai, ba a yanka wurin a yi gini. A madadin haka aka haƙa musu rijiya aka taimaka musu da hatsi. Da mahaifinsa ya rasu ya gaji filin da sharaɗinsa, kuma ko sayarwa ya yi, mai saye da sharaɗin zai saya.

"Gatarin muka sayar, Yaya," in ji shi. "Gonar tana hannunmu."

Yaya ya ce, "To a shekarun nan da ake ciki, itace kuke ci?"

Isuhu ya ce kusan haka ne. 'Ya'yan gawo buhu-buhu masu kiwo suke saye, rassan da ake sassabewa suna isar girki har a kai kasuwa, kuma geron da ke gindin gawo ya fi na fili kyau ko ba taki. Ya ce bai ce suna cikin daula ba, amma shi dai bai tafi ci-rani ba, bai kuma sayar da saniyarsa ba.

Ni ina jin haka zuciyata fari ƙal, na ce shi ke nan na ci nasara. Sai ga wani maƙwabcinsu, Malam Habu, ya biyo hanya da jakinsa. Da ya ji abin da ake tattaunawa ya tsaya ya ce a bar shi ya faɗi nasa. Shi duk filinsa ya sa a yarjejeniyar, bai ware ko taku ba. Yanzu 'ya'yansa maza sun girma sun yi aure, babu inda zai yanka musu su yi ɗaki, sai aro yake a wurin dangi. Kuma hatsin da aka yi musu alkawari sai da aka yi ta bin sawu kafin ya iso.

"Ban ce ku ƙi ba," ya ce. "Amma kafin ku ɗaure, ku ware inda za ku numfasa. Kuma kada ku dangwala hannu a kan abin da ba a karanta muku da Hausa ba."

Wannan karon Yaya ne ya kalle ni ta ƙarƙashin malafa.

Sai da muka kwana muka wuni sau da dama kafin Gwaggo ta kira mu ɗakinta bayan sallar asuba. Ta ce babba ya fara. Na shirya jin Yaya ya kawo lissafin filoti. Sai ya sunkuyar da kai ya fara magana a hankali.

"Gwaggo, wallahi ba kwaɗayi ba ne. A kurmin nan aka yi mini kaciya, na fi Saude sanin sa. Amma rumbuna ya ƙare tun sanyi bai wuce ba. Tumakin da nake da su duk sun tafi. Akwai ranar da na fito daga gida tun da sassafe don kada in ji jikokina suna tambayar koko. Damina tana zuwa, ba ni da iri, ba ni da taki. Me zan ce musu, su ci inuwa?"

Gidana da nasa ba nisa, kullum muna gaisawa, amma ban san abin ya kai haka ba. Namiji ne, ya rufe. Duk jawabin da na haddace tun daga Ɗambatta ya zube. Da Gwaggo ta ce in yi magana, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Yaya, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Gwaggo ta bar mu muka share ido, sannan ta tambaya, "Ta bakin sabon titin, wane itace ne a wurin?"

Yaya ya ce babu babba, sabara ce da geza, sai wata aduwa guda.

"To ku yanki wannan bakin ku sayar. Rabona na ciki na ba ka, Garbati, ka sayi iri da taki ka mai da tumakinka. Ku kuma ware wani gefe don 'ya'yanku da za su nemi wurin ɗaki, kun dai ji Habu. Sauran kuwa, daga kanyar bakin kwari har kuka mai rami, ku ɗaure shi ɗaurin da ko jikokinku ba za su kwance ba. In dokar taku ta zo da gaskiya ku shiga. In ba ta zo ba ku ɗaure da kanku. Ni ba zan sake ganin kurmin nan ba, amma ina so in na rufe ido in san yana nan."

Na ce na ba Yaya nawa rabon na bakin titin shi ma. Ya buɗe baki zai ƙi, Gwaggo ta ce ya rufe mata shi.

Ranar komawa Isuhu ya ɗora mana buhun gero a amalanke. Yaya ya ce ina aka taɓa ganin hatsi ya tashi daga Nijar ya nufi Kano, ai abin kunya ne. Isuhu ya ce shekara nawa yana tasowa daga Kano ya nufo su, bari ya rama ziyara. Inna Gambo ta zo rakiya, ta miƙa wa Yaya sandar da ya sara, ta ce tunda ya biya ta da guminsa ya tafi da abarsa. Gwaggo ta rako mu har bakin gari tana dogara tata sandar, tana ta ba ni saƙon gaisuwa ga mutanen da rabinsu sun daɗe da rasuwa. Ban gaya mata ba. Na ce za su ji.

Dawowa ba ta yi wuya ba, sai dai taya da ta fashe mana kafin Daura, muka zauna a gindin wata bishiya muka cinye rabin cukwin tsaraba.

Da muka huta muka je wurin dagaci, aka aika wa malamin daji ya zo. Ya ce dokar tana nan a majalisa, ba a gama ba, shi ma bai san ranar ba. Yaya Garba, wanda a da ko zama bai yi ya saurare shi ba, shi ya tsare shi da tambayoyi. Wa ke da ikon sassabe reshe? 'Ya'yan ɗorawa na wa? In gwamnati ta yi jinkirin cika nata alkawarin, mai kurmi yana nan a ɗaure? Za a karanta wa mutum da Hausa kafin ya sa hannu? Malamin ya amsa waɗanda ya sani, ya ce sauran zai kai gaba, don tambayoyi ne da ya kamata masu yin dokar su ji.

Ba mu jira su ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, dagaci da liman da dattawan unguwa suka bi mu kurmin. Aka zaga, aka kafa duwatsu. Aka ware bakin titi, aka ware gefen gini, sauran muka shaida a gaban jama'a cewa mu da magadanmu ba mai sare itace mai rai a ciki, ba mai yanka shi filoti. Aka kira Gwaggo a waya aka kara a kunnen liman ta faɗi nata, da ƙarfin da har na bayan taro sun ji. Dillalin nan ya sayi bakin titin yana gunaguni, wai an ba shi ƙashi an hana shi tsoka.

Da jama'a suka watse muka rage ni da Yaya a gindin tsamiya. Ya daɗe yana duban wajen titi, sannan ya ce, "Saude, tsakaninki da Allah, kin ji haushin sayar da bakin nan?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Ni ma har yanzu ina jin haushin sauran da ba a sayar ba."

Na ce, "To ai an yi rabo daidai."

Muka yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Sannan ya tashi ya ce bari ya je, an ce an kawo taki Ɗambatta, yana so ya riga layi.

Abin da na gano ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. Wanda bai ƙoshi ba ya tanadi kuɗin mota, hanya tana nan, mutanen can kuma ba sa ƙin baƙo.